Ranar da Gwaggo Ta Taka Motata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Zurmi ɗauko matata daga wankan jego, na dawo Ƙaura ni kaɗai da buhun gero ɗaya a bayan mota. Har yau in na ga tsatsa a jikin ƙarfe, ko da a bokitin wanka ne, sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in faro daga tushe. Da aka ba mu sabuwar jiha, ina cikin ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato. Da can malamin firamare ne ni, ina koyar da kimiyya, sai aka ɗaga ni zuwa mai duba makarantu a yankin Sakajiki. Girma ya zo, na ce ai mai duba makarantu ba ya zuwa a kan keke, na sayi wata tsohuwar ƙaramar mota fara. (Wanda ya sayar mini da ita ya rantse mini wata hajiya ce ke tuƙa ta zuwa asibiti kawai. Na yarda, don ina son in yarda.)

Damina ɗaya na yi da ita a hanyoyin daji, ina kutsa laka da kududdufi, sai na ga fenti yana kumbura a dogon ƙarfen nan na ƙasan ƙofofi, wanda ƙafa ke tsallakewa in za a shiga. Na sa makulli na danna wajen, makullin ya shige kamar cikin danƙo.

Surukina maƙeri ne a Zurmi. Baba muke ce masa, kuma tsakanina da shi akwai kunyar surukuta irin ta da: in na gaishe shi a durƙushe ya amsa yana kallon gefe, shi ke nan hirarmu. Wata rana na kai Luba, matata, ganin gida da tsohon ciki, sai na hango shi ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙofa da sandarsa, ya durƙusa yana awo da taƙin hannu. Bayan mako biyu sai ga saƙo ta hannun Luba: dogayen ƙarafa biyu da ya yanko daga ganga, ya buge su ya lanƙwasa.

"Baba ya ce ka kai ma mai walda, a yanke ruɓaɓɓen wurin a sa wanga," in ji ta.

Na juya su, na yi dariya. Ni da na karantar da kimiyya shekara bakwai, mai ƙera fartanya da lauje zai koya mini gyaran mota? A lokacin kuwa akurkin kajina yana yoyo. Na ɗora ƙarafan Baba a kansa, na danne da dutse, na ce wa Luba ta isar da godiya.

Gyaran kuma na yi shi da kaina, ranar wata Asabar. Na kwaso tsofaffin takardun darasina na cusa a ramin har ya cika, na shafe da filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, na goge, na bi da farin fenti. Ina kwance ƙarƙashin motar sai na ga wasu ƙananan huduji a jere a ƙasan ƙarfen. Na ce af, ashe tsatsar har ta fara wani sabon ci. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na toshe tsaf. (Mai karatu, in kana da mota, tun yanzu ka san abin da na aikata. Hudujin nan da su aka ƙera ta, ta nan ruwan da ya shiga ciki ke tsiyayewa.) Na tashi na karkaɗe riga ina jin kaina injiniya.

Luba ta tafi gida goyon ciki, ruwa ya yi ta sauka, ni kuma na ci gaba da ratsa kududdufan Sakajiki. Ta haifi namiji, aka yi suna, ta shiga wanka. Shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a, an hana ɗaukar mata a babur ɗin kabu-kabu, a tasha kuma sai an jira motar mata ta cika. Saboda haka duk mai motar kansa ya zama ɗan gata, ni kuwa na sha alwashin ranar arba'in matata da ɗana a motata za su shigo Ƙaura, kowa ya gani. Na gaya wa maƙwabta, matan unguwa suka ɗora tukunya.

Na isa Zurmi da hantsi cikin babbar riga mai aiki, mota na ƙyalli. Maza na zaune a tabarmi bakin maƙera, Baba na tsakiyarsu. Aka fara loda gara da buhun gero. Mai rakiyar mai jego ita ce Gwaggo, yayar Baba, mace ce da Allah ya yi wa albarkar jiki, ga ciwon gwiwa. Na buɗe mata ƙofar baya da ladabi. Ta ce bismillah, ta dafa ƙofa, ta ɗora ƙafa a kan ƙarfen ƙasan don ta samu ta hau.

Sai ji muka yi ɓurum! Ƙafar Gwaggo ta shige har idon sawu. Jan ruwa ya tsiyayo, mai warin tsohuwar randa, ruwan damina guda da na tsare da hannuna. Bayansa curin takardu suka faɗo ƙasa.

"Wayyo, na shiga uku! Mota ta kama ni!" Gwaggo ke ihu, takalminta ɗaya ya maƙale ciki.

Aka ja ta aka fitar, Allah ya tsare ko ƙwarzane babu. Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma Yaya Sani, wan Luba, ya sunkuya ya ɗauki curi ɗaya ya warware, ya tarar tsakiyarsa bai jiƙe ba. Ya gyara murya kamar mai shela.

"Darasi na huɗu, aji uku. Abubuwa biyu ke kawo tsatsa, ruwa da iska. Wanda ya bar ruwa ya kwana a kan ƙarfe, shi ya gayyato ta." Ya ɗago kai. "Malam, wanga ba rubutunka ba ne?"

Rubutuna ne, har da jan layin da na ja a ƙarƙashi. Dariya ta ɓarke a tabarma, wani tsoho har da riƙe ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige, babbar rigar nan ta yi mini nauyi kamar an jiƙa ta.

Baba bai yi dariya ba. Ya taso, ya leƙa ramin, ya sa yatsa ya ɓantaro ƙarfen kamar ƙanzo. Karo na farko tun da na auri 'yarsa ya dube ni ido cikin ido.

"Ƙarhen da nib ba Luba ta kai ma, shina ina?"

Ƙarya ba za ta yi ba, Luba na bayan zaure tana ji. "Baba, yana kan akurkin kaji."

"To, kaji sun samu lahiya," in ji shi. "Amma ɗiyata da jikana ba su shiga wagga mota. Ran da ta iya ɗaukar Gwaggo, ka zaka."

Aka sauke gara, aka manta buhun geron a but ɗin mota. Haka na shigo Ƙaura, matan unguwa na shirin guɗa, suka leƙa suka ga ni da gero. Na ce musu jaririn ne ke ɗan mura. (Allah ya yafe mini, lafiyarsa lau.)

A ranar, tun kafin in cire hula, na yaye rufin akurki, kaji na ta ƙorafi. Washegari na ɗauki hutu a ofis, na kai mota da ƙarafan wajen Ilu mai walda. Ya ji labari, ya yi dariyarsa ya more, sannan ya ce tsatsa ba a rufe ta, yanke ta ake yi har a isa inda ƙarfe ke da rai. Ya yanke duk ruɓaɓɓen, ni kuma na tuɓe riga na kama burushin waya. Kwana uku ina kankara har ƙarfe ya yi fari, tafin hannuna ya yi kanta. Da Ilu ya ɗora ƙarafan Baba, sai suka zauna daram, ba ragi ba ƙari.

"Wa yay yi wanga awon?" ya tambaya.

"Surukina, da taƙi."

"Ka riƙe surukinka da kyau, Malam."

Ya yi walda, muka shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje, muka bi da fari. Ya huda sababbin huduji a ƙasa, ya ɗura baƙin mai a cikin ƙarfen har ya riƙa ɗiga. Ni da kaina na ƙirga hudujin, na rantse ko kusa da su fila ba za ta ƙara zuwa ba.

Kwana takwas cif na koma Zurmi, wannan karon da 'yar shara kawai. Labari ya riga ni, tabarmar ta fi ta ranar farko cika. Baba ya ɗauko ƙaramar guduma ya bi ƙarfen daga gaba zuwa baya yana bugawa, yana kasa kunne. Ya durƙusa ya zura tsinke a hudujin, ya zaro shi da baƙin mai, ya sansana. Sannan ya ce a kira Gwaggo.

Ta fito tana hararata. "Ni dai kada a sake cinye min takalmi." Ta ɗora ƙafa ɗaya, ta ɗora ta biyu, ta tsaya a kai da dukkan albarkar da Allah ya yi mata, har da ɗan girgizawa. Mota ta karkata, taya ta yi ƙugi, ƙarfe ko gezau. Ita da kanta ta rangaɗa guɗa. Daɗin da na ji a lokacin, ko ranar da aka ƙara mini girma ban ji irinsa ba.

Luba ta shiga baya da ɗanmu tana ɓoye dariya cikin mayafi. Zan tayar da mota ke nan sai na ji an buɗe ƙofar gaba. Baba ne, mutumin da bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba, ya shigo ya zauna kusa da ni ya gyara riga.

"Mu tahi," in ji shi. "In gaida kajin da sunka kwana ƙarƙashin aikina."

Motar nan ta yi mini shekaru da yawa bayan haka, ta je Shinkafi, ta je Gurbin Ɓore, injinta ya mutu ƙarfen Baba na nan. Duk ƙarshen damina nakan wanke lakar ƙasanta, in kwanta da tsinke ina zunguro huduji, in ƙara baƙin mai, har abokan aiki suka riƙa kawo mini nasu in duba.

Abin da na koya kuwa bai taka kara ya karya ba: in maƙeri ya aiko maka da ƙarfe, ka tambaye shi inda za a sa, kuma in ka rubuta wa 'yan aji uku darasi, ka karanta shi kafin ka cusa shi a rami.