Fitilun Bulus da Gwiwata

Ni da na tsufa ina sayar da fitilun Kirsimeti a kasuwar Château Rouge, wai maƙwabcina Bulus ne zai koya mini aiki! Lokacin na bar kasuwa, na koma garin Lyon ina dogara sanda saboda ciwon gwiwa. Na kwaso ragowar hajata, na jona ta kaf a soket ɗaya a barandarsa, don in ƙawata masa bikin Kirsimeti.

"Alhaji, ba su yi yawa ba?"

"Ka taɓa sayar da ƙwan fitila ko ɗaya?"

Na sauka titi in yi kallo, na ce ya kunna. Wutar gidan duka ta ɗauke, har da lif, na'urar hawa bene. A kan kujera maƙwabta suka hau da ni bene, ina ta masifa.

Har yau, ko matata Hajiya ce ta kashe fitila, sai ta ce, "Alhaji, me ka jona?"