Rasuwar Maɓallin "Shafi na Gaba"

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan yatsan da ya kumbura saboda dannawa, Malam Sabi'u na Unguwar Hajji, sakataren Ƙungiyar Manoman Gyaɗa ta Rogo da Karaye, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar maɓallin nan mai suna Shafi na Gaba. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara huɗu da wata bakwai a bakin aiki.

Ga wanda bai san marigayin ba: ƙungiya tana da gidanta a intanet, a cikinsa kuma an dasa zauren hira inda manoma ke rubuta abin da ke ransu. In magana a kan batu guda ta wuce goma sai ta tsallaka shafi na biyu, marigayin ne kuma ke raka mutum can. Ɗan ƙarami ne, shuɗi, mazauninsa can ƙasa ta hannun dama. Bai taɓa tambayar kowa ɗan wane gari ne ba. Ko a Kwanyawa, inda sai an ɗaga waya sama ake samun sabis, in an taɓa shi sai ya ce "ƙyas", ya ɗan yi tunani, ya buɗe.

Ciwon ya same shi a mummunan lokaci. Alhaji Bahauddeen na Rogo, mataimakin shugaba, ya rubuta a zauren cewa gyaɗar Karaye ko ɓera ya ɗanɗana sai ya nemi ruwan kurkure baki. Maganarsa ce ta goma. Malam Sabi'u, ɗan Karaye, ya yi kwana biyu yana wasa martani, ya sa karin magana uku da labarin yadda kakan Bahauddeen ya zo Karaye roƙon iri. Ya aika, martanin ya faɗa shafi na biyu, a ranar kuma marigayin ya kwanta. Har yau zagin yana waje kowa na karantawa, amsar tana kulle.

Da farko in an danna shi sai ya mayar da mutum bakin ƙofa, wajen hoton shugaban ƙungiya. Da jiki ya tsananta sai ya riƙa buɗe gidan ƙungiyar a cikin zauren, wani cikin wani, har Malam Sabi'u ya ga shugaba bakwai, kowanne bai kai na bayansa girma ba, duk suna masa murmushi. Daga nan sai fari fat, ko "ƙyas" ɗin babu.

Ba a yi sakaci da jinya ba. An kashe waya an kunna, an sauya layi, an hura mata iska, an gwada a kwamfutar mai buga takardu. Da abin ya gagara aka kira Malama Munawwara, malamar kwamfuta wadda ta gina gidan tun farko. Ta duba, ta gano wani ya shiga ya juya adireshin, ya sa Karaye a gaban Rogo. Shi kuwa maɓallin yana ta zuwa tsohon adireshi yana sallama, ba mai amsawa. Mutum biyu ne ke da mabuɗin wurin: ita da sakatare.

Malam Sabi'u bai musa ba. Ya bayyana cewa ko a aji ɗaya K tana gaban R, gyara kawai ya yi. Malama ta ce in ya yarda a mayar da Rogo gaba, minti biyu mara lafiya zai miƙe, martaninsa ma ya fito duniya ta gani. Malam Sabi'u ya tuna karin maganarsa uku, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya girgiza kai, ya ce wanda kwanansa ya ƙare ba a ja masa.

Marigayin ya bar abokin tagwaicinsa, Shafin Baya, wanda yanzu ba shi da inda zai dawo da kowa. Ya bar Shiga da Fita, da ƙanwarsu Na Manta Kalmar Sirri, wadda ta fi kowa shan wahala a gidan. Ya kuma bar Malam Lukumanu na Kwanyawa, wanda ya yi tambaya kan ƙwarin da ke cin gonarsa, aka yi ta gaishe shi sau tara, maganin ya zo a magana ta goma sha ɗaya.

Za a sauke marigayin daga fuskar zauren ranar Asabar bayan la'asar a ofishin ƙungiya. Malama Munawwara ce za ta yi, ba da son ranta ba. Zaman makoki kwana uku a ƙofar gidan Malam Sabi'u, an kuma tanadar wa baƙin Rogo tabarma a sahu na biyu. Duk wanda zai zo da maganar cewa mamacin yana da sauran numfashi, ya yi haƙuri ya zauna a gida. An riga an haƙa rami.