Dunƙulen Hannun Ɗan Iya

"...da iyali, da ƙoƙarin girki? Madalla. Ina sauran bayin gidan?"

"Ga babban cikinsu nan ya shigo, ya tare mana iska," in ji Maijidda, ko ɗago kai daga tukunya ba ta yi ba.

"Babban cikinsu, ko babba a cikinsu?"

"Ka zaɓi wanda ya yi maka, duka biyun naka ne."

Ɗan Iya ma'aunin hatsi ne a kasuwar Makoda, Maijidda kuwa taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar babansa. Tun suna wasan ƙasa suke tsiya, har yau da furfura ta fara leƙo su ba a raba gardamar waye bawan wani ba. Shi Ɗan Iya Allah ya yi masa jiki, shi kuma ya taya da loma, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Wata bakwai ke nan a kan farar kujerar roba yake salla, can ƙarshen sahu wajen tsofaffi, goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Abin nan yana cin ransa ƙwarai, sai dai ba ya faɗa wa kowa.

Malamar asibiti ta ce nauyi ne ya fi ƙarfin gwiwa. Ta kafa masa doka: tuwo kada ya wuce dunƙulen hannunsa, sauran kwanon a cike shi da ganye, lemon kwalba kuwa su yi sallama. Matarsa Ramlat ta kama maganar nan da hannu biyu, wata biyu cur ba ta ɗaga masa ƙafa ba. To yau ga ranar cika-ciki ta zo, ga azumi a bakinsa, ga ƙamshin miya yana tashi daga kowane gida. Shi ne bayan la'asar ya sulale ta cikin gonakin gero, kujerarsa a hannun hagu, tiyar awo a hammata, hannun dama kuwa an naɗe shi da rawani ya yi girman kabewa.

Sai yanzu Maijidda ta dube shi. "Me ya samu hannun?"

"Kunama."

"Allah sarki. Tana raye?"

"Ni aka harba, ita kike yi wa jaje?"

"Ai ita ta sha wahala. Kafin ƙarinta ya ratsa kitsen nan ya isa jini, ta yi wuni."

Ɗan Iya ya dire kujera, ya miƙa mata tiya, ya gyara murya irin ta masu bin doka. "Ni ba surutu ya kawo ni ba. Zuba min tuwo daidai yadda malama ta ce. Dunƙulen hannuna, ba ragi ba ƙari." Ya ɗaga naɗin nan sama don ta gani da kyau.

"Wannan hannu ne ko ƙullin kayan wanki?"

"Hannuna ne. Malama ba ta ce sai na ranar lafiya ba."

"To kawo na hagun mu auna da shi."

"Subhanallahi. Da hagu ake cin tuwo a gidanku? Na san dai ba a danginmu kika koyo wannan ba, sai ko dangin babanki."

"Dangin babana ko kunama ta harbe su ba sa zuwa bara da tiya. Kai, da azumi a bakinka?"

"Azumin ne ma ya ƙara kumbura shi."

"Ikon Allah. Ramlat ta yi min waya tun azahar, ta ce rawanin ɗaurin aurenka ya ɓata. Ta ce tiya ma ta bi shi."

Ɗan Iya ya dake. Shekara talatin yana ciniki da 'yan sari, ba yau mai tuƙin tuwo za ta kayar da shi ba. "Ku mata tun da aka ba ku waya asirin ƙasar nan ya tonu. Rawani nawa ne, hannu nawa ne, kunama ma tawa ce."

"Haka ne. Matso in shafa maka magani, ina da na gado."

"Na gode, an riga an tofa."

Bai rufe baki ba ta cafke bakin rawanin ta ja. Ya juya don ya ƙwace, juyin kuwa shi ya taimaka mata, naɗi ya dinga warwarewa yana zuba ƙasa. Can sai ga wata ƙatuwar albasa ta faɗo tim, ta gangara har gindin murhu. Hannu ya fito sumul, ko cizon sauro babu.

Maijidda ta ɗauki albasar ta jujjuya. "Kunamar taku a lambu take kwana?"

"Magani ne. Tana zuƙe dafi."

"Ta zuƙe tas kuwa. Ka kyauta, da ma miyata tana neman ƙari."

Da ya ga ƙarya ta ƙare, sai ya koma lallashi. "Haba 'yar gwaggo. Yau fa cika-ciki. Tun kakanninmu ake cewa wanda bai ƙoshi yau ba da yunwa zai ƙarasa shekara. So kike in karya al'ada?"

"Kai ai ka yi cika-cikin shekara ashirin masu zuwa. Har na maƙwabta ka yi musu."

"Ramlat ta mayar da ni abin tausayi. Jiya wandona ya zame a kasuwa, sai da na ƙara ɗaure mazagi."

"Wandon ne ya samu 'yanci. Dunƙula."

Ya dunƙula, yana ɗan bubbuɗa yatsu a ɓoye. Ta buge su da bayan mara suka koma. Ta kwaso tuwon dawa, ta mulmula, ta kara shi kusa da hannunsa, ta kanne ido ɗaya, sannan ta jefa shi a tiya, ta sa gefen mara ta shafce saman.

"Kai, kai, me kike yi haka?"

"Abin da kake yi mana a kasuwa. Ba haka kake share kan tiya da gefen hannu ba, kana yi kana salati?"

Wannan fa ya taɓa sana'a, kuma ma'auni ba ya tsayawa daga nesa ana awo. Ɗan Iya ya matso gaban tukunya, ya kai idonsa daidai bakin tiya. "Ba haka ake yi ba. Ki tara hannu a gefe ya yi tozo. Ko baƙo ana tara masa hannu."

"Yaushe ka taɓa tara min?"

"Ke ai ba baƙuwa ba ce, baiwa ce. Mayar da wannan ɗan da kika shafce."

"Ya riga ya koma wajen 'yan'uwansa."

"To wutsiyar ragon layyar da kika ɓoye fa? Ina jin ƙamshinta tun daga gonakin gero."

"Kitsen na masu gwiwa ne. Ga tsoka ɗaya."

"Ɗaya? Marainiya ce?"

"Za ta samu dangi a cikinka."

"To gyara. Duk duniya ba a awo babu gyara."

"Wannan gaskiya ne," in ji ta. Ta janyo kwanon dafaffen zogale, ta dinga labtawa har ya rufe tuwon, ta ƙara da rama, ta tara hannu a gefe ya yi tozo. "Ga gyara har da na gobe."

"Akuya kika mayar da ni?"

"Ina ka kai akuya? Ita ai tana durƙusawa da gwiwarta."

Duk tsiyar da suka yi shekara da shekaru babu wadda ta taɓa shigar Ɗan Iya kamar wannan, don ta taɓa daidai inda yake ciwo. Ya sunkuyar da kai yana kallon zogale. Maijidda ma ta ji ba daɗi, ta buɗe baki za ta gyara, sai ta tsaya tana kallonsa daga sama har ƙasa.

"Ɗan Iya. A kan me kake zaune?"

"A kan kujerata mana."

"Waiwaya."

Ya waiwaya. Kujera tana can bakin ƙofa inda ya dire ta, wata kaza ta haye ta yi ɗaiɗai. Ashe tun da aka fara awo a tsugune yake, rigimar tuwo ta hana shi ji. Ya dubi gwiwoyinsa kamar na aro. A hankali ya sauke ta dama a kan tabarma, ya sauke ta hagu. Sun yi ƙara, sun ɗan soke shi, amma sun lanƙwasu. Ya juya gabas, ya kai goshinsa ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba.

Maijidda ta juya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. "Hayaƙin nan da shiga ido yake," in ji ta.

Da ya ɗago, ya dafa turmi ya miƙe, ya share fuska da rawanin kunama. Daga masallacin unguwa ladan ya fara gwada lasifika.

"To bawa," ta ce, "in ƙara maka rabin mara? Albarkacin yau."

Ya dubi tukunya, ya haɗiyi yawu, har ga Allah yana so. "Bar shi. Kya ce ni na roƙe ki." Ya ɗauki tiyarsa, ya nufi ƙofa, ya wuce kujerar.

"Ka manta matarka ta biyu."

"Na sake ta. Riƙe, ita ce sharar taubasai ta bana, kada ki ce ubangidanki bai ba ki komai ba."

"Wannan da ka lotsa? Ko kazar ma don ba ta da zaɓi ne."

Ɗan Iya ya fashe da dariya har tozon zogale yana rawa. "Ki zauna a kai ki huta, tsohuwa. Ni sauri nake, kada a cike min sahun gaba."