Ranar da na wuni ina liƙe tiyo a bakin rijiya

Karatu da yawa ya fara zube mini, amma akwai lamba ɗaya da ba zan taɓa mantawa da ita ba: mita goma da ɗan ɗoriya. Ba a aji ta zauna mini a kai ba. A bakin rijiya ta zauna, gaban mutanen ƙauye guda da shanunsu.

Shekarar da na gama lisans (digirin farko) a kimiyyar fizik ce, ina zaune a Dakoro ina jiran a tura ni koyarwa. A ƙauyenmu, can wajen Korahane, kowa “injiniya” yake ce mini. Na yi bayani sau biyu ko uku cewa ni ba injiniya ba ne, amma bayanin ya fi sunan tsawo, sai na haƙura.

Wata safiya cikin bazara Baba Isuhu ya shigo gari ya same ni. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, da hannunsa. Yana da baƙin sa guda, takarkari, wanda ke jan guga a rijiyar ƙauye. Rijiyoyin wajenmu kun san su (in ba ku sani ba, ka jefa tsakuwa, ka yi salati kafin ka ji faɗuwarta). Tamu gaba ashirin da biyar ce, ta haura mita arba'in ke nan. Sa ya ja igiya ya yi nisa, guga ya fito, a juye a kwamin da dabbobi ke sha, sa ya dawo. Haka Baba ke bin sa tun yana da ƙarfin gwiwa.

Ya ce ya haɗu da wani mai lambu daga fadamar Maradi, Mamman, yana da injin ban-ruwa, kuma ya yarda a yi musanya: ya ba da inji, ya karɓi sa.

“Na gani da idona,” in ji Baba. “Tiyo guda ƙasa, guda waje, ruwa na hita kamar ba ya ƙarewa. Ni gwiwa ta gaji. Kai da ka karanci abin, ƙaƙa ka gani?”

To, ga abin da na sani, kuma na san shi sarai. Irin wannan inji ba jan ruwa yake yi ba. Iska yake zuƙewa daga cikin tiyo, sai nauyin iskar duniya da ke danne saman ruwan rijiya ya turo ruwan sama. Nauyin nan yana da iyaka. Ko da a ce ka zuƙe iskar kakaf, ka bar cikin tiyo babu komai, ko ƙwayar iska ɗaya (malamanmu suna kiran wannan “vide parfait”, kuma sun ce babu wanda ya taɓa samunsa a duniya), ruwan zai hau mita goma da ɗan ɗoriya ya tsaya. A aikace ma bakwai ko takwas. A fadama ruwa na kusa, shi ya sa injin Mamman ke abin kirki a can. Rijiya mai zurfi sai injin da ake zurawa cikin ruwan, ya turo daga ƙasa.

Amsar ke nan: a'a. Ga kuma abin da na ce wa Baba:

“To, Baba, a ƙa'ida dai akwai iyaka. Sai dai ya danganta da irin injin. Ba zan ce lalle ba, ba kuma zan ce ba zai yiwu ba tunda ban gan shi ba. Abu mai muhimmanci, kada iska ta shiga tiyo.”

Baba ya gyara hula ya ce, “Madalla. Ke nan mu gwada.”

Don Allah kada ku yi saurin yanke mini hukunci, ko da yake ina ganin na cancanta. Mutumin da ya ciyar da kai ya zo da fuska tana haske, ta yaya za ka kashe masa ita da harafi uku? Sannan ni mutum ne da in ka tambaye ni sunana sau biyu sai na fara shakka. Na buɗe tsohon kayena, littafin rubutuna na lise (sakandare ke nan), na ga lambar nan da rubutun hannuna, na ja mata layi biyu. Duk da haka wata zuciyar ta ce, wa ya sani, ƙila an ƙera sababbin injina bayan an buga littafinmu? Kwana tara na yi ina cewa gobe zan kira Baba in gaya masa gaskiya.

Ranar gwaji na hau kabu-kabu na isa da hantsi, sanye da farar rigar da na yi sutnans da ita, ranar kare kundin digirina (wannan ma wauta ce mai zaman kanta). Mamman ya iso da inji a amalanken jaki, da guntayen tiyo shida da ya aro wajen maƙwabtansa, don babu mai tiyon da ya kai tsawon rijiyarmu. Mutumin kirki ne, bai zo cuta ba. Bai taɓa ganin injinsa ya ba shi kunya ba, shi ke nan. Aka janye igiyoyi daga bakin rijiya don kada su sarƙe da tiyo. Makiyaya suka tsayar da garkensu. Mata suka jera bido, jarkokinsu na ɗibar ruwa. Aka ɗaure baƙin sa a gindin aduwa, yana tuƙa, ba ruwansa.

Kafin irin wannan inji ya kama, sai an cika cikinsa da ruwa. Wadda ta ba da nata ita ce Rakiya, taubashiyata, ɗiyar gwaggona, wadda tun muna yara ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba tare da ta taka ta ba. Aka zuba, Mamman ya ja igiyar inji, ya ɗauka da ruri. Kowa ya zuba wa bakin tiyo ido. Tiyo ya yi tari, ya tofar da ɗan abin da aka ba shi, ya yi shiru.

Sai duk fuskoki suka juyo kaina.

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Maimakon haka na durƙusa, na kara kunne a mahaɗar tiyo kamar likita, na ce, “Ina jin iska na shiga.”

Kuma fa ba ƙarya na yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Iska na shiga, mahaɗa biyar ce. Sai dai na san ko an toshe su duka ba abin da zai canza. Aka jawo tiyo waje. Aka yanko robar tsohuwar tayar keke, na bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya ina naɗewa. Aka mayar, aka zuba bido na biyu. Shiru. Na ce a kawo sabulu, na shafe. Shiru. Wani tsoho ya kawo ƙaro, muka jiƙa, na liƙa. Ina yi ina zufa, ina neman abin da manyan masana da ɗakunan bincikensu ba su samu ba, ni da robar keke da sabulun wanki, kuma na san ko na same shi ruwan zai tsaya a ƙasa da rubu'in hanya.

Rana ta take. Shanu suka fara kuka suna turo kai wajen busasshen kwami. Wani makiyayi ya ce, cikin ladabi mai ciwo, “Injiniya, in da saura mu koma wata rijiya.”

Rakiya ta ɗaga bidonta na uku, wofi, ta girgiza shi. “Kai taubashi, wanga inji naka azumi ya kai? Bido uku ya sha bai ce mun gode ba. Mu da munka zo ɗiba, mu ad da bayarwa!”

Aka yi dariya. Ni ma na yi, irin ta wanda ya taka ƙaya a gaban surukai.

Sai Mamman ya kashe inji ya goge hannu. Ya ce wa Baba hanya na da nisa, yana so ya kama ta da sauran rana. “Tunda injiniya ya ce iska ce kawai, ai gyara ne ƙarami. In bar muku inji, ya liƙe a hankali, ni in tahi da sa.”

Baba ya je gindin aduwa ya kwance sa da kansa. Ya shafa masa tozo. Ya jawo shi har gaban Mamman, ya miƙa igiya, Mamman ya kama bakinta. Ni ina durƙushe, hannu duk ƙaro. In san nan ya tafi, ba inji mai amfani, ba sa, sai tsoho da gwiwarsa da igiya gaba ashirin da biyar. Baba bai saki nasa ɓangaren ba tukuna. Ya waiwayo.

“Ɗana, in ka toshe ƙofofin ga duka, ruwa shina hawa?”

Na buɗe baki, na ji “ya danganta” ta taho har haƙora. Na haɗiye ta.

“Ba zai hau ba, Baba.”

“Ko an kawo sabon tiyo?”

“Ko an kawo na ƙarfe. Mita goma ce iyakarsa. Ba laifin inji ba ne, haka Allah ya yi iska.”

Baba ya dube ni, ya dubi farar rigata da ta koma kalar gindin tukunya.

“Yaushe ka san haka?”

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Na ce, “Tun ina lise.”

Rakiya ce ta fara. Ta zauna a kan bido ta riƙe ciki. “Tun lise! Jama'a, tun lise! Ashe mu ya tara ya koya muna naɗin roba!” Daga nan dariya ta kama kowa, har Mamman, wanda ya saki igiya yana girgiza kai yana cewa da an gaya masa da bai wahalar da jakinsa ba. Na ba shi haƙuri ya fi sau biyar.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ɗaura wa sa igiyar guga, ya miƙo mini sanda. “Dabbobin mutane ba su sha ba. Bi shi.”

Na bi shi. Mu je, mu dawo, mu je, mu dawo, cikin yashi mai zafi, da takalmin sau-ciki. Zan gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba: duk lokacin da na ji guga ya juye a kwami, sai in ji kamar a kaina aka zuba. Ƙafata ta yi bororo, wuyana ya ƙone, amma ban taɓa jin daɗin kallon bayan sa kamar ranar ba. Yana nan. Namu ne. Sai da la'asar garke na ƙarshe ya sha.

A gida aka kawo fura. Baba ya sha, ya miƙo mini ludayi, sannan ya yi maganar da ita kaɗai ya yi a kan zancen, daga ranar har yau.

“Da ka ce mini a'a ran da na zo, ni kaɗai za ni ji.”

Na koyi darasi, ko in ce ina kan koyo. “A'a” kamar ɗan maraƙi take. Ranar da aka haife ta mutum ɗaya ke rungumarta ya kai inuwa. Ka bar ta ta yi ƙaho don kunya, sai gari ya taru kafin a kayar da ita, kuma kai za ta fara tunkuya.