Sarƙar Shugaba Aulis a Ɗakin Surace

Duk wanda ya ce garin Haukiranta bai taɓa haifar babban mutum ba, to bai taɓa karo da Aulis Rantakari a ƙofar Kwalejin Jama'a ba. Wannan bawan Allah kyauta ce ga ƙasar Finlan. Shi ya fara gano haka, kuma saboda kirkinsa bai ɓoye wa kowa ba. Ɗalibai suna kiransa Rana-Ba-Faɗuwa, don in ya miƙe jawabi kamar ranarmu ta tsakiyar bazara yake: sai ta yi ƙasa-ƙasa, ka ce yanzu za a huta, sai ta sake ɗagowa.

Kwalejin kuwa wata mai tatsar shanu ce, Hilma, ta kafa ta tun zamanin kakanni. A garkenta take tara 'ya'yan manoma da hunturu, ta koya musu karatu da lissafi da waƙa. Har yau a kan tsarinta ake. Babu jarrabawa, babu na ɗaya balle kurar baya. Da safe a sha kunu, a yi waƙa tare, sannan masu saƙa su kama zare, masu ƙira su nufi maƙera, masu sassaƙa kwalekwale su gangara bakin tafki, baƙi masu koyon harshenmu su je su yi ta kokawa da shi. Kowa kuma da sunan yankansa ake kiransa, daga mai dama kunu har shugaba.

Da Aulis ya hau kujera, nan take idonsa mai kaifi ya hango ɓarnar. Ajin saƙa ya koma Tsangayar Kimiyyar Zare. Aka buɗe sabon darasi mai suna Rayuwata da Abin Koyi a Cikinta, wanda masu fama da rashin barci suka yaba ƙwarai. Hoton Hilma da ke zauren cin abinci aka kai shi sito, aka rataye nasa.

"Ya ku ɗalibaina," in ji shi, "tarihi ba ya son ƙarnin madara. Ita ta haƙa rami, ni ne ginin. Wa ya taɓa zuwa kallon rami?"

Abu guda ya rage: sarƙar mulki, irin ta shugabannin manyan jami'o'i. Ya sa Eila, malamar ƙira, ta ƙera masa ta tagulla, da lamba faɗin murfin tukunya mai ɗauke da fuskarsa. Eila ta kafe, in babu Hilma a jiki ba za ta ɗaga guduma ba. Shugaba ya nuna dattako.

"Sa ta a baya, ta kalli rigata. Can ba mai ganinta."

Tun daga ranar sarƙa ba ta bar wuyansa ba. Da ita yake hawa keke. Da ita yake shan kunu, har wani lokaci lambar kan riga shi ɗanɗanawa. Matarsa ta koma kwana a wani ɗaki, wai ta gaji da farkawa da zanen hancin miji a kafaɗa.

Ana nan sai majalisar gunduma ta ce za ta haɗe kwalejinmu da ta tsallaken tafki, shugaba ɗaya ya riƙe duka, ɗayan ya koma aji. Abokin takarar shi ne Sulo, mutumin da ake cewa tun kaka bai gama furta jimla ɗaya ba. Aulis ya yi dariya har sarƙa na kaɗawa. To amma kowa ya sani a garin nan ba a ofis ake yanke babbar magana ba. A ɗakin surace na bakin tafki ake yi, ranar Asabar da yamma, kowa daga shi sai tawul, don tururi bai san muƙami ba. Wanda kuma ya riga fita, ya zubar da girmansa a bakin ƙofa.

Dattawan majalisa suka tuɓe, suka ajiye agogo da zobe da tabarau. Aulis ya tuɓe komai ban da sarƙa. Pentti, shugaban majalisa, wanda tare suka yi firamare, ya dube shi.

"Kai Aulis, cire murfin tukunyar nan. Miya za mu dafa?"

"Pentti, a nan Mai Girma Shugaba nake. Zaki ba ya ajiye gezarsa don zai shiga wanka."

"To, zaki, bismilla."

Ya haye benci na can sama, inda zafi ya fi taruwa, don babba ba ya zama ƙasa. Ya gyara murya.

"Dattawa, lokacin da aka haife ni, an ce ƙanƙarar tafkin nan ta tsage."

Pentti ya kamfato ruwa a ludayi ya watsa wa duwatsun murhu masu zafi. Tururi ya tashi. A wurinmu wannan ita ce hanyar ladabi ta cewa a taƙaita. Amma Rana-Ba-Faɗuwa ya ɗauka tafi ne, sai ya shiga shekarunsa na firamare. Ludayi ya sake sauka. Tagulla ta fara ɗumi, daga ɗumi ta fara cizo. Ya ɗan ɗaga lambar da yatsa, yatsa ya ƙi. Ya sake ta, ta koma ta kwanta a ƙirji daram.

Ga fa tsaka mai wuya. Ya cire, ya zama Aulis kawai. Ya fita, ya bar wa Sulo kujera. Sai ya zaɓi hanyar manya, ya ƙara murya.

"Ni ne fitilar... wayyo... fitilar arewa! Ilimi wuta ne, dattawa, yana ci a ƙirjina!"

"Ana jin ƙauri kam," in ji wani tsoho daga ƙasa.

Pentti ya juya. "Sulo, kai fa, me za ka ce?"

Sulo ya share gumin goshinsa a natse. Sannan ya ce, "A ƙara ruwa."

Ludayin nan shi ya ƙarasa aiki. Girman kai rawanin tsiya. Shugaba ya kurma ihun da aka ji har tsallake, ya banke ƙofa, ya sheƙa a kan dusar ƙanƙara, ya faɗa ramin da ake fasawa a ƙanƙarar tafki don masu wanka. Waɗanda ke kusa sun rantse ruwan ya yi cuuu, kamar an tsoma ƙarfe a maƙera. Dattawa suka zauna suka gama gumi a natse, suka ba Sulo kujera, wai sun daɗe ba su ji jawabi mai ma'ana kamar nasa ba.

Aulis ya warke, alhamdulillahi, ya koma aji, har hotonsa ma an bar masa a bango don ya rufe wata tsaga. Sai dai ya daina zuwa surace, kuma ko da bazara rigarsa a rufe take har wuya. Don Eila gwanar ƙira ce, aikinta ba ya gogewa. A tsakiyar ƙirjin babban mutumin Haukiranta, da ɗankwalinta da murmushinta, Hilma mai tatsar shanu ce zaune, kuma a wannan karon babu siton da za a kai ta.