Tallafin Lungun Karofi

A Birnin Gawo, garin dabbobi, kowa ya san mazauninsa. Manya suna Tudun Manya, inda iska take kaɗawa, ruwa kuma ba ya kwana. Ƙanana suna gangare, a tsofaffin unguwanni masu lunguna, inda ruwan manya yake sauka ya yada zango. Can ƙasa a tsakiyar gari majalisa take, wani ƙaton zaure da aka shafe da farar ƙasa, Ɓauna ne ciyaman. Ɓauna ba azzalumi ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Shi dai Allah ya yi shi da son jawabi. In ya fara gaisuwar buɗe taro da hantsi, azahar takan same shi bai gama da manyan baƙi ba.

Unguwar Karofi ta girmi kowace unguwa a garin. Kansilarta wata beguwa ce, Gwaggo Ladingo, gajeriya, mai saurin hawa da saurin sauka. Gidanta na gado ne, a ƙarshen lungu, zaurensa da zankwaye, katangarsa kakarta ce ta sa aka gina. Ruwan da ke gangarowa daga tudu ya ci lungun nan har ya zama rami, kowace damina yana ƙara matsowa, yanzu ya zo yana lasar gindin katangar. In katangar ta tafi, ɗakin da aka haifi Ladingo ne zai bi bayanta. Wannan shi ne abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya. Babu zaman majalisar da ba ta tayar da maganar ba, har ’yan bayan zaure suka sa mata Gwaggo Rami. Kullum Ɓauna yakan gyaɗa ƙaho ya ce an ji, za a duba.

Wata rana, ana dab da faɗuwar damina, Ɓauna ya miƙe da fara’a.

“’Yan majalisa masu daraja,” in ji shi, bayan ya gama gaisuwar da ta cinye hantsi, “garin da ya manta lungunsa ya manta uwarsa. Don haka majalisa ta ware tallafi na musamman domin gyaran hanyoyin unguwa mai tarihi: magudanar ruwa, daɓen hanya, fitilu, da itatuwan inuwa. Unguwa ɗaya za a ba. Sharaɗi kuwa, ta kasance tsohuwa, kuma a ga lalacewarta da ido. Gwanar gine-gine, Shamuwa, wadda ta dawo daga ƙetare, ita za ta zaga ta gani.”

Ladingo ta ji kamar ta taka rawa. Tsufa dai Karofi ba ta da na biyu, lalacewa kuwa ko makaho ya shafa ya ji.

Sai ga Kura, kansilar Tudun Manya, ta miƙe tana gyara murya.

“Ranka ya daɗe, ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Sai dai ina jan hankalin majalisa, tarihi ba yawan shekaru ba ne. Tarihi shi ne inda manya suka taka. Wa ya taɓa jin an ba da labarin gafiya? A Tudun Manya kuwa kowace ƙofa ka tsaya, wani babba ya taɓa yin atishawa a wurin.”

“Unguwar da ginin cikinta bai gama bushewa ba?” in ji Ladingo, ƙayoyinta sun fara tashi. “Ranka ya daɗe, a bar ido ya yi shari’a.”

Aka watse a kan haka.

Da la’asar ta tara mutanen Karofi a gindin tsamiya. Ga gafiyoyi, ga bushiyoyi, ga kurege da iyalinsa, ga Dabgi mai haƙar rijiya. Mai unguwa, Baba Damo, tsoho ne da ya ga jiya ya ga yau, yana kishingiɗe a kan dakali.

“Abu ɗaya nake roƙonku,” in ji Ladingo. “Kada kowa ya taɓa komai. Katangar da ta tsage a bar ta a tsage. Kwatamin da ya toshe a bar shi. Shara ma, don Allah, a ɗaga mata ƙafa har baƙuwar nan ta zo ta tafi. Lalacewar ita ce takardarmu.”

Baba Damo ya daɗe yana lumshe ido kafin ya yi magana, kamar yadda ya saba.

“Ladingo, ’yar nan, na ji ki. Amma tun da aka kafa Karofi, baƙo bai taɓa shigowa ya tarar da mu a tsiraice ba. Ko mai tallan gishiri aka ce zai zo, sai an share ƙofa. Yanzu baƙuwa za ta taso tun daga ƙetare, mu tare ta da bola? Ta koma ta ce me? A ce jikokin masu karofi sun zama ƙazamai?”

“Baba, tallafin na lalatattu ne.”

“To, ai ba mu ce za mu gyara ba. ’Yar shara ce kawai, don mutunci.”

Wanda ya san Karofi ya san inda ’yar shara take ƙarewa. Bushiya ta share ƙofarta, sai ta ga sharar ta tona asirin katanga, ta kwaɓa ƙasa ta yi yaɓe. Maƙwabciyarta ta ga katangar bushiya ta fi tata, ta ce ba a gabanta ba, ta ƙara da makuba. Kafin ka ce kwabo abu ya zama gayya, da kiɗa, da kunu, da guɗa. Aka yashe kwatami, aka cike ƙananan ramuka da birji, aka ɗaga zankwayen da suka karye. Ladingo tana bi lungu lungu tana faɗa, ana ce mata sannu da aiki. Ramin ƙofarta ne kaɗai ya gagara, don ya fi ƙarfin kwando. Shi kuma sai suka kewaye shi da sabon zana, suka jera tukwanen furanni a gabansa. Ta yi niyyar yaye zanan, sai ta tuna matan da suka kwana biyu suna saƙa shi don su rufa mata asiri, ta fasa.

A Tudun Manya kuwa wata gayyar ake yi. Kura ta ɗauko hayar birai suna farfasa katangu da guduma, suna shafa wa sababbin ƙofofi toka da baƙin tukunya. Aka kwaso shara daga kasuwa aka baza a bakin hanya.

Ranar zagaye Shamuwa ta iso Karofi da rakiyar Ɓauna da Kura, doguwa, fes da ita, tana duban rana kamar mai jiran mota. Aka shimfiɗa mata tabarma a zauren Baba Damo, aka kawo fura da dambu. Ta zaga lunguna tana taɓa makuba da baki tana jinjina kai. Da suka zo ƙofar Ladingo, ta tsaya daidai gaban zanan nan.

“Ke ce kansila? Akwai wata matsala a unguwar nan?”

Duk Karofi tana tsaye a bayan baƙuwa, an yi wanka, an sha kwalliya, ido ya dawo kan Ladingo. A Karofi kuwa ba a faɗa wa baƙo damuwa a tambayar farko. Ta farko gaisuwa ce. A ta biyu akan ce, to, ba a rasa ba. Sai a ta uku, in baƙo ya matsa, ake gyara zama a buɗe ciki. Ladingo da ke tsaga majalisa da faɗa, a ƙofar gidanta, gaban baƙuwar da ta ci abincinsu, bakinta ya bi abin da ya saba.

“Lafiya lau, sai godiya.”

Ta ja numfashi, ta shirya wa tambaya ta biyu. Shamuwa kuwa a inda ta yi karatu sau ɗaya ake tambaya.

“Madalla,” in ji ta. Ta yaba furannin, ta buɗe fiffike ta yi Tudun Manya.

Ladingo ta bi ta da kallo baki buɗe. Baba Damo ya matso yana murmushi, ya ce wallahi an fita kunya.

A zama na gaba Ɓauna ya bayyana hukunci. Tudun Manya, in ji gwana, tana cikin wani hali mai sa hawaye, ita ta ci tallafi. Karofi kuwa abin alfahari ce, ba ta buƙatar komai, don haka majalisa ta ba ta lambar yabo, ta kuma kafa doka: duk abin da kakanni suka bari a Karofi a riƙe shi yadda yake tun asali, kada wanda ya rushe, kada wanda ya toshe. Aka yi tafi. Kura ta zo har wurin zaman Ladingo ta yi mata barka. Ladingo ta yi baƙin ciki irin wanda ba ta taɓa yi ba, kuma abin haushin, ba ta da wanda za ta kama sai harshenta.

Aka daɓe hanyoyin Tudun Manya sumul, aka kafa fitilu. Da, ƙasar tudu takan sha rabin ruwan sama. Yanzu da aka daɓe ta, ko ɗigo ba ta sha, duka take aikowa gangare. Ruwan farko ya tafi da zana da tukwanen furanni. Na biyu ya tsaga katangar Ladingo tun daga sama har ƙasa, tsagar da ɗan bushiya zai shige bai sunkuya ba.

Da safe ta fito ta zauna a bakin ramin. Mutanen unguwa suka taru suna jaje, kowa kansa a ƙasa, don yanzu sun gane furar da suka dama. Baba Damo ya jawo jiki ya leƙa ramin, ya daɗe yana kallo.

“Ni fa abin da ke ba ni mamaki,” in ji shi, “da muna yara ruwa ba ya bin nan. Ta bayan tsamiya yake bi, akwai hanyarsa da kakanni suka shimfiɗa da duwatsu, ya gangara ya faɗa babban kududdufi. A nan muka koyi iyo.”

“Wane kududdufi, Baba?”

“Wanda aka cike aka gina majalisa a kai. Da za su yi ginin ne suka toshe hanyar, ruwa ya rasa gidansa, ya shigo naki.”

Ladingo ta ɗago kai a hankali. Ƙayoyinta suka kwanta luf, abin da ba a cika gani ba.

“Baba, doka ta ce abin da kakanni suka bari a riƙe shi yadda yake tun asali, ko ba haka aka ce ba?”

“Haka aka karanta.”

“To, mu masu biyayya ne. Malam Dabgi, ina magirbinka?”

Karofi dai ba a koya mata gayya. Dabgi ya shiga gaba, gafiyoyi suna biye, mata suna kwashe ƙasa suna zubawa a ramin Ladingo. Ba su yi nisa ba suka tarar da duwatsun nan a jere, lafiyarsu ƙalau, kamar jiya aka shimfiɗa. Baba Damo yana zaune a inuwa yana nuna hanya da wutsiya.

Ruwa na uku ya sauko ranar zaman majalisa, da hantsi. Ladingo ta tsaya a zaurenta ta ga ruwan tudu ya taho a fusace, ya zo bayan tsamiya, ya karkata ya bi tsohuwar hanyarsa bai ko dubi katangarta ba. Da sama ta ɗauke, ta yafa gyale ta bi ruwan a baya.

Ta tarar da majalisa a tsaye, don kujeru suna yawo. Ruwa ya kai wa Ɓauna gwiwa, ƙananan kansiloli sun ɗare bayansa, kwaɗi sun cika wurin ’yan kallo. Ɓauna ya buɗe taro da sallama kawai.

Kura ta nemi izini daga kan tebur. “Ranka ya daɗe, wannan ɓarna ce da gangan. Ina ba da shawara a toshe hanyar nan yau, ruwa ya koma inda ya saba.”

Ladingo ta hau kan wani benci da ke wucewa.

“Ranka ya daɗe, ’yan majalisa masu daraja, ina tuna muku dokar da kuka kafa kuka yi mata tafi. Hanyar nan ta kakanni ce, duwatsunta suna nan, kowa ya je ya gani. Ba a rushewa, ba a toshewa. Karofi ta karɓi lambar yabo, ba za ta ci amanarta ba. Amma in ’yar’uwata tana son ruwa ya koma inda ya fito, ina goyon baya, a mayar mata da shi Tudun Manya.”

Kura ta koma ta zauna a kan teburinta. Wani kurege daga kan ƙahon ciyaman ya kawo shawarar a gina babbar magudana tun daga tudu, ta bi ta Karofi, ta wuce majalisa, ta zube a kogi, a kuma ɗaure gindin katangun da ke bakinta da dutse. Ba wanda ya nemi gwana, ba wanda ya nemi kwamiti. Aka ɗaga hannu gaba ɗaya, har da Kura, wadda teburinta ya fara jirkicewa. Tun da aka kafa majalisar Birnin Gawo ba a taɓa tashi kafin azahar ba sai ranar.

Ana fita Ɓauna ya tsayar da Ladingo a bakin ƙofa, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya.

“Haba Gwaggo, ashe haka ruwan nan yake? Me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba?”

“Na faɗa, ranka ya daɗe. Lokacin ƙafarka a bushe take.”

Ta yi masa sai an jima, ta tattare gyalenta, ta haura gida.