Mutumin da Motar Alhaji Take Gani

Ko zan manta da komai na aikin tuƙi, ba zan taɓa mantawa da daminar da motar Alhaji Sani ta fara ganin abin da ni ba na gani ba.

Alhaji Sani ɗan kasuwar hatsi ne a Kauran Namoda, ni kuma shekarata tara ina tuƙa shi. Da ya sayo wata danƙareriyar baƙar mota daga Abuja, irin wadda kujerarta take ɗumama maka baya, wallahi na fi shi ɗagawa. 'Yan tasha ma sai ta gilashi nake gaishe su. Wata biyu da zuwanta, dillalin da ya sayar da ita ya aiko da takarda shafi uku, Turanci ne ƙanana-ƙanana. Alhaji ya miƙo mini don na sha gaya masa na gama sakandare (na gama ɗin, yadda jarrabawar ta ƙare ne ban faɗa masa ba). Na dubi tambarin kamfanin, na dubi sa hannun da ke ƙasa, na gyara murya na ce murnar sabuwar mota suke taya shi. Ya ji daɗi ƙwarai. Ni kuma na cusa ta a aljihun gaban mota na manta da ita.

A hanyar Zurmi akwai wata tsohuwar tsamiya da ta sunkuyo kan titi, an ce gefenta maƙabarta ce tun zamanin da. Wata rana da hantsi ina ni kaɗai, ina isowa ƙarƙashinta sai motar ta yi wata 'yar ƙara, ta taka birki da kanta. Bel ɗin kujera ya shaƙe mini ƙirji. Na dubi allon gabana, sai ga hoton mutum, ja, yana tafiya. Na ɗago kai. Ba kowa a titi, ko akuya babu. Gero ne tsaye hagu da dama, ko ganye ba ya motsi. Kuma kowa ya san wannan ba hanyar da ake son tsayawa ba ce a 'yan shekarun nan. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na ja motar na bar wurin.

Sau uku tana yi mini haka, kullum a wurin, kullum da jan mutumin nan. Ban gaya wa Alhaji ba. Na san zai ce na fara shaye-shaye ya karɓe makullinsa, ga shi da makullin nan nake ciyar da mutum bakwai. Sai na kai kukana wurin wata tsohuwa mai fura a kasuwar Zurmi. Ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce masu wurin ba sa son a wuce su ba sallama, in sun matsa kuma in ajiye musu sukari a gindin bishiyar.

Na fara sauke gilashi ina sallama. Wasu ranakun kuwa sai motar ta wuce lafiya lau, imanina da tsohuwa ya ƙaru (ban lura ranakun da hadari ya rufe rana ba ne). Na sayi ƙullin sukari na ɓoye ƙarƙashin kujera saboda ɓacin rana.

Ranar kuwa ta zo. Za mu ɗaurin aure Zurmi, Alhaji da limamin unguwarmu a baya, ƙanin Alhaji, Malam Bello, malamin sakandare a Shinkafi, yana gefena, motoci uku na biye da mu. Rana ta fito tarwai. Kunyar Liman ta hana ni sallamar da na saba. Muna shiga inuwar tsamiya motar ta kafe. Hular Liman ta faɗo gaba, bakin Alhaji ya daki bayan kujera, motar bayanmu ta kauce cikin gero da ƙyar. Jan mutumin nan yana kan allo yana tafiyarsa.

Ban san lokacin da na fita ba. Na tuɓe takalmi, na durƙusa a gindin tsamiya, na kwance ƙullin sukari a gaban mutum kusan ashirin, na ce da ƙarfi, "Bayin Allah ku yi haƙuri, biki za mu. Ni nay yi laifi, ban yi sallama ba."

Da na juyo, Malam Bello ya buɗe aljihun mota yana neman abin share wa Alhaji jinin leɓe, sai ya ci karo da takardar nan. Ya karanta, ya fassara mana a tsaye. Kamfanin ne ke gargaɗi cewa na'urar da ke hango mai tafiya a ƙasa tana da matsala, takan ɗauki inuwa a matsayin mutum ta taka birki. A daina doguwar tafiya da motar, a maido ta a gyara kyauta.

Alhaji ya dube ni, hannunsa a kan baki, ya ce a hankali, "Wagga ta takardar murnar da kac ce?"

Liman ya karkaɗe hularsa, ya dubi sukarin da tururuwa ta riga ta fara taruwa a kai, ya ce in same shi bayan la'asar, akwai karatun da za mu sake tun daga farko.

Alhaji bai kore ni ba, amma wata biyu na yi a motar ɗaukar buhuna, 'yan tashar da na daina gaisarwa suna tambayata lafiyar mutanen tsamiya. An gyara motar, ba ta sake tsayawa ba. Abin da ya fi damuna shi ne mutum huɗu na kusa halakawa don kar a ce ban iya Turanci ba. Yanzu ko takardar ƙunshin ƙosai aka miƙo mini, in ban gane ba sai in ce ban gane ba.

Sallamar dai, gaskiya, har yau ina yin ta in na zo wucewa, amma a zuci.